Tirilobayit: Yadda Ake Karanta Jikin Dabbar da Ta Bar Ɓawonta a Dutse

Duk wanda ya karanci ilimin duwatsu ya san zanen nan da ake sa ɗalibai su yi tun farkon karatu: wata halitta mai faɗi, kanta rabin da'ira, gangar jikinta gaɓa-gaɓa, sannan 'yar wutsiya a ƙarshe. A ja kibiya, a rubuta sunan kowane sashe, a haddace, a kai ɗakin jarrabawa. Ɗaliban da nake yi wa bita a nan Kaduna sukan kawo zanen tsaf babu gyara, amma da zarar ka ɗora yatsa a kan layin da ya bi ta gefen ido ka tambayi aikinsa, sai wuri ya yi tsit. Abin yana damuna, domin kusan kowane layi da kowane tudu a jikin tirilobayit akwai aikin da ya yi wa dabbar tana raye, kuma wanda ya gane aikin ba ya shan wahalar hadda.

Tirilobayit dabbar teku ce daga dangin halittun da ba su da ƙashi a ciki sai ɓawo a waje, ƙafafunsu kuma gaɓa-gaɓa. Kunama da gizo-gizo da ƙaguwa da jatanlande da fara duk gida ɗaya suke da ita. Ta fara bayyana a cikin duwatsu kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, a farkon zamanin Kambiriyan, ta ƙare ƙaƙaf kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, a babbar halakar ƙarshen zamanin Famiyan. Kusan shekara miliyan 270 ke nan tana cin zamaninta a teku. Masana sun bayyana nau'o'inta fiye da 20,000. Akwai wadda tsawonta bai kai milimita 2 ba, akwai kuma Isotelus rex da aka tono a 1998 a gaɓar tekun Hudson da ke Manitoba ta Kanada, mai tsawon santimita 72.

Wani Bajamushe, Johann Walch, shi ya raɗa mata sunan a 1771, ma'anarsa mai tudu uku. Da yawa suna ɗauka kai da gangar jiki da wutsiya ake nufi. Ba su ba ne. Ukun a tsaye suke, daga kai zuwa wutsiya: tudun tsakiya, da fiffike ɗaya a dama ɗaya a hagu, da kwari biyu da suka raba su. Ƙarƙashin tudun tsakiya hanji da jijiyoyi da tushen ƙafafu suke. Fikafikan gefe rumfa ce a kan ƙafafu da gaɓoɓin numfashi. Rabon kai da ganga da wutsiya wani rabo ne daban, a kwance.

Kada mutum ya ɓata lokacinsa neman ta a ƙasarmu. Duwatsun da ke leƙowa a tsakiyar Kogin Kaduna da rani, da dutsen Kufena na Zariya, da na Kajuru, ko dai narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, ko kuma wanda zafi da matsi suka gasa har ya sake kama. Irin wannan ba ya riƙe gawar komai, kuma mafi yawansa ya girmi tirilobayit ɗin kanta. Tekun da ya shigo ta kwarin Binuwai ya bar mana burbushin dodon koɗi a Ashaka ya zo ne bayan ta yi shekara fiye da miliyan 100 da ƙarewa. A Afirka, Maroko ce matattararta: garuruwan Alnif da Erfoud da Rissani suna da iyalai da yawa da haƙo ta da goge ta ne abincinsu.

Mabuɗin fahimtar jikinta abu biyu ne, kuma duka biyun a ɓawon suke.

Na farko, bayanta kaɗai ke da tauri. Ɓawon sama cike yake da kalsayit, ma'adinin da ke cikin farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. A bakin gefe ɓawon yakan lanƙwasa ya shige ƙasa ya yi kalmasa, sai kuma wani ɗan faranti guda a ƙarƙashin kai. Iyakar tauri ke nan. Ciki da ƙafafu da gashin ji duk masu laushi ne, kwana kaɗan bayan mutuwa sun ruɓe. Don haka abin da muke riƙewa a hannu rufin dabbar ne kawai.

Na biyu kuwa, yawancin abin da ake tonowa ba gawa ba ce, saɓa ce. Wanda ya taɓa cin soyayyar fara ya san yadda take: ƙaras a waje, nama a ciki. Irin wannan jikin ba ya miƙewa, saboda haka fara ba ta girma sai ta tsaga tsohon ɓawo ta fice, ta jira sabo ya yi ƙwari. Haka tirilobayit take yi, sau da yawa a rayuwarta, kuma kowace saɓa tana iya zama dutse. Dabba guda sai ta bar burbushi barkatai. Wannan ne dalilin da ya sa a wurin tono ake samun kai a nan, wutsiya a can, cikakkiya kuwa sai an dace.

To, ga amsar layin nan na gefen ido. Ƙofar fita ce. Layin yakan taso daga gaban kai, ya bi ta saman ido, ya gangara ya fita ko dai ta bayan kai, ko ta gefe, ko daidai kan kusurwar kunci. Wurin ba shi da ƙwari, da gangan. Idan lokacin saɓa ya yi, sai ya tsage, kumatun gefe biyu su ɓalle, dabbar ta zare jikinta ta gaba. Shi ya sa ake yawan samun tsakiyar kai ita kaɗai babu kumatu. Dubi kuma hikimar bin ta gefen ido: ido ne ya fi kowane sashe hatsari a lokacin saɓa, don haka shi ake fara kwance wa rufi. Inda layin ya fita yana daga cikin abubuwan da masana suka daɗe suna rarrabe iyalai da su. A wasu, irin su Phacops, layin ya toshe ba ya tsagewa. Su sai kan gaba ɗaya ya ɓalle daga wuya, kuma sau da yawa akan same shi a kife a gaban gangar jiki. Wanda ya ga wannan yanayin ya san saɓa yake kallo.

A tsakiyar kai akwai wani tudu da ya kumbura, wani lokaci da 'yan kwaruruka a gefensa. Kowa ya gan shi sai ya ce nan ƙwaƙwalwa take. Tumbi ne a ƙarƙashinsa. Bakin tirilobayit a ƙasan kai yake, kuma baya yake fuskanta. Tushen kowace ƙafa yana da ƙayoyi ta ciki, ƙafafun su riƙa murƙushe abinci suna miƙa shi gaba ta tsakiyar ciki, daga wannan zuwa waccan, har ya isa baki. Daga baki maƙogwaro ya yi gaba, ya lanƙwaso sama ya shiga tumbi, sannan hanji ya miƙe ta tudun tsakiya har wutsiya. 'Yan kwarurukan gefen tudun kuwa, ta ciki wurin kamun tsoka ne, kuma shaida ce cewa kan kansa gaɓoɓi ne da suka manne wuri guda. Farantin nan na ƙarƙashin kai shi ke tare tumbin ta ƙasa. A wasu nau'o'in a kafe yake gam da kalmasar gaba, wani har da baki biyu kamar na Isotelus, kuma masana irin su Richard Fortey, wanda ya yi aiki a gidan tarihin halittu na Landan, sun nuna cewa mai yiwuwa waɗannan mafarauta ne ko masu cin mushe, tunda suna bukatar wuri mai ƙarfi na danne abin da suka kama. A wasu kuma farantin a sake yake, fata ce kawai ke riƙe da shi, waɗannan ana ganin masu tsintar ɗan abin da ke cikin laka ne.

Sai ido, wanda a ganina shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙwayar gilashin da ke cikin idonmu mai laushi ce, tsoka na matsa ta ta sake ta gwargwadon nisan abin da muke kallo. Ta tirilobayit dutse ce, tsantsar kalsayit, shi ya sa ta kai har yau. Amma kalsayit yana da wani hali: in ka ɗora garau ɗinsa a kan rubutu, kowane baƙi biyu za ka gani, sai fa ta fuska guda ɗaya tak da haske ke ratsa shi bai rabu ba. Ƙwayoyin idon tirilobayit an jera su ne daidai ta wannan fuskar. A 1973 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Towe, ya nuna cewa har yanzu suna haɗa hoto, ya ɗauki hotuna ta cikinsu. Allah mai iko.

Idon iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai ƙananan ƙwayoyi a cushe suna taɓa juna ƙarƙashin rufi guda, adadinsu kan kai 15,000 a ido ɗaya. Na biyu na Phacops ne da danginta kawai: ƙwayoyin manya ne, ba su cika wuce ɗaruruwa ba, kowace da rufinta da katangar da ta raba ta da maƙwabciyarta. Akwai na uku a wasu 'yan ƙanana na zamanin Kambiriyan.

Ina da tirilobayit guda daga dangin Phacops da wani aboki ya sayo min a Maroko, baƙa wul, ba ta fi santimita 6 ba. In na kai ta bakin taga da hantsi, ba na bukatar madubin ƙara girma. Idon ya taso kamar ɗan tsauni mai lanƙwasa a kowane gefen kai, ƙwayoyin a jere sahu-sahu daga sama zuwa ƙasa, kana iya ƙirga su da bakin allura. Saman idon a rufe yake da ɓawo, babu ƙwaya ko ɗaya da ke duban sama kai tsaye. Fuskar ganin ta zagayo daga gaba ta gefe har kusan baya. Daga wannan kaɗai ɗalibi zai iya faɗin yadda ta rayu: a ƙasan teku take, tana tsaron abin da zai taho mata ta kewaye. A 1975 Euan Clarkson na Jami'ar Edinburgh da Riccardo Levi-Setti na Jami'ar Chicago suka nuna cewa kowace ƙwaya a irin wannan ido hawa biyu ce, kuma lanƙwasar da ke tsakanin hawan ta yi daidai da siffofin da masanan lissafi Descartes da Huygens suka lissafa a ƙarni na 17 don gyara dishi-dishin gilashi. An yi ta muhawara a kan ko wasu daga cikin waɗannan siffofi sauyin da dutse ya yi ne daga baya, amma aikin nasu shi ya buɗe fagen.

Siffar ido kan faɗi mazauni. Opipeuter da Carolinites idanunsu sun kusa cinye kan, suna gani sama da ƙasa, jikinsu siriri, alamar masu iyo ne a sararin ruwa. Asaphus kowalewskii ta yankin St. Petersburg na Rasha ta ɗora nata a kan dogayen sanduna, jiki a cikin laka, ido a waje. Erbenochile ta Maroko, wadda Fortey da Brian Chatterton suka yi bayaninta a 2003, idanunta dogaye ne a tsaye, kowane da 'yar rumfa a samansa mai tare hasken da ke saukowa, kuma dabbar da ke neman inuwa ga idonta da rana take harka. Wasu kuwa sun rasa idon ɗungurungum, galibi mazauna zurfin da haske ba ya kaiwa.

Gangar jiki gaɓoɓi ce masu shiga ƙarƙashin juna. Kowace gaɓa tana da wani ɗan leɓe a gabanta da ke ɓoye ƙarƙashin ta gabanta, domin in dabbar ta lanƙwasa kada a samu kafa a bayanta. Adadin gaɓoɓin yana da muhimmanci ƙwarai: Phacops 11, Calymene 13, dangin Asaphus 8, 'yan ƙananan agnostid 2 kacal, Balcoracania ta Ostireliya kuwa ta haura 100. Amfanin wannan tsari shi ne dunƙulewa. Tunda cikin ba shi da kariya, in hatsari ya zo sai ta naɗe, wutsiya ta haɗu da kai, taushin duka ya koma ciki. A Phacops har akwai kwari da 'yan ramuka a kalmasar kai inda bakin wutsiya da ƙarshen gaɓoɓi ke shiga su kulle, ta yadda mafarauci ba zai iya murɗa ta ta buɗe ba. Dunƙulalliyar tirilobayit gawa ce ta gaske, domin saɓa ba ta naɗe kanta ta kulle.

Wutsiya gaɓoɓi ce da suka manne suka zama faranti ɗaya, ƙarama a yawancin na farko-farko, a wasu na baya kuma ta kai girman kai ko ta fi shi. A nan ake ƙera jiki. Jaririyar tirilobayit 'yar garkuwa ce guda, sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba. Daga baya sai gaɓa ta raba kai da wutsiya. Sababbin gaɓoɓi suna tsirowa a ƙarshen wutsiya, su matso gaba, a lokacin saɓa ta gaba-gaban ta saku ta shiga gangar jiki, har adadin nau'in ya cika. Daga nan sai ƙarin girma kawai.

Ƙayoyi ba sai an daɗe a kansu ba: kariya ne, wasu kuma suna hana nitsewa a laka. Wadda ta fita daban ita ce Walliserops ta Maroko mai dogon mashi mai baki uku a gaban kai, wanda wani bincike na 2023 ya ce mai yiwuwa na karo ne tsakanin maza. Shaidar cewa kariyar ba ta banza ba ce tana jikin ɓawon: ana samun tabon cizo da ya warke, kuma Loren Babcock da Richard Robison sun lura a 1989 cewa a na zamanin Kambiriyan tabon ya fi yawa a ɓangaren dama.

Saura ƙasan dabbar, wanda ya daɗe yana wahalar da masana. Edward Lhwyd, da ya zana wata daga Wales a 1698, kifi ya ɗauke ta. An shafe kusan ƙarni biyu ana gardama ko tana da ƙafafu. A shekarun 1870 Charles Walcott ya riƙa yanka dunƙulallu daga Trenton Falls ta jihar New York fale-fale yana duba su a haske, har ya tabbatar da ƙafafu masu gaɓoɓi. A 1892 aka gano wani siririn shimfiɗin dutse kusa da garin Rome a wannan jihar, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Charles Beecher na Jami'ar Yale. A can ma'adinin fayirayit, mai ƙyallin nan da ke ruɗin sabon shiga haƙar zinare, ya maye gurbin naman Triarthrus kafin ya ruɓe. Sai ga gashin ji guda biyu a gaba, ga ƙafafu reras. Har yau nau'o'in da aka ga ƙafafunsu ba su kai 50 ba cikin fiye da 20,000, kuma ya kamata duk mai zana cikin tirilobayit ya riƙa tuna wannan.

Kowace gaɓa tana da ƙafa biyu, dama da hagu, kowace ƙafa kuma reshe biyu ce daga tushe ɗaya. Na ƙasa na tafiya ne. Na sama yana ɗauke da siraran zare a jere, kuma a 2021 Jin-Bo Hou da Nigel Hughes da Melanie Hopkins suka nuna daga Triarthrus cewa ginin zaren irin na gaɓoɓin numfashin ƙaguwa ne, wato da saman ƙafa take shaƙar iskar cikin ruwa. A 2017 an ga ƙwai a ƙarƙashin kan wannan nau'in. A 2023 aka haska wata Bohemolichas ta ƙasar Cek mai shekara miliyan 465 da na'urar haske mai ƙarfi ta Grenoble a Faransa, aka tarar da hanjinta maƙil da gutsattsarin ɓawon ƙananan halittun teku. Ɓawon bai narke ba, alamar cikinta ba mai tsami ba ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2024, kuma daga Afirka ya fito. Abderrazak El Albani na Jami'ar Poitiers da abokan aikinsa sun bayyana wasu daga tsaunukan Atlas na Maroko da tokar aman wuta ta binne nan take a ruwa marar zurfi, kimanin shekara miliyan 515 da suka wuce. Tokar ta kama siffar komai, har gashin ƙafafu, har ƙananan halittun da ke manne a bayansu ba su saku ba. A nan aka ga tsagar bakin da leɓen nama da ke rufe shi, aka kuma ƙirga ƙafafun kai aure huɗu bayan gashin ji, alhali littattafai da dama sun daɗe suna cewa uku. Zanen da ɗalibanmu ke kwafa daga tsofaffin littattafai yana bukatar gyara a wannan wurin.

Ina ganin duk sashen da ke koyar da wannan darasi ya kamata ya mallaki ko da 'yan ƙwayoyi ne na gaske da ɗalibi zai juya a hannunsa, tunda na gama-gari ba su da tsada. Sai dai mai saye ya buɗe ido, domin kasuwar Maroko cike take da jabu: wata an zuba ta da roba a mazubi an manna a kan dutse, wata an haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. A nan sanin jiki ke rana. Duba ido: na dangin Phacops in ya zo sumul babu ƙwayoyi, ko ƙwayoyin ba su bi sahu ba, akwai magana. Nemi 'yan ramukan kumfa a jikin ɓawon, roba ce ke barin su. Ta gaske sau da yawa tana da siririn tsagi da ya ratsa dutsen da dabbar gaba ɗaya, domin sai mai haƙa ya fasa dutsen yake ganin ta, sannan ya manne ya goge. Daga nan ka ƙirga gaɓoɓin gangar jiki tun daga wuya har wutsiya. In an ce maka Phacops ce ka samu 9 ko 13, mayar masa da kayansa.